Igiyar Shanya

Duk wanda ya ba ku labarin ranar da ruwa ya tafi da ni, zai ce muku faɗawa na yi. Kada ku yarda. Ban zame ba, ban yi tuntuɓe ba, kuma babu wanda ya tunkuɗa ni. Ja na aka yi, kuma da na buɗe hannuna da shi ke nan an gama magana. Ni ce na ƙi sakin zanin gadon mutane.

Inna wankau take yi. Ita da wasu mata suna da wurinsu a bakin wata hanyar ruwa da aka gina da siminti daga madatsa zuwa gonaki. Mu dai rafi muke ce masa, duk da babu yashi babu ciyawa a bakinsa. A gefenmu akwai matakala masu faɗi da suke gangarawa har cikin ruwa, a kansu ake wanki. Bayansu fili ne da aka kakkafa turakun ƙarfe aka ja igiyoyin shanya. Tsallake kuwa bango ne mai santsi, sai wani tsanin ƙarfe da ya yi tsatsa. Gada tana can ƙasa da nisa, kusa da kasuwa.

Baba shi ke guga a ɗan shagonsa na bakin titi. Inna ta wanke, shi ya goge, ya ninke, ya kai wa masu kaya. A gidanmu za ka iya fasa kofi a yi maka faɗa a manta, za ka iya ƙin zuwa aike a ce yarinta ce, amma kayan mutane ba a wasa da su. Tun ranar da Inna ta fara ba ni safa in ɗauraye ta gaya min dokar, kuma ba ta gaji da maimaita ta ba.

"Kayan mutane in suna hannunki, ko kunama ce ta harbe ki kada ki saki. Ki yi kukanki da kayan a hannu."

To, na ji, na kuma riƙe.

Ban cika shekara tara ba a lokacin. An kawo mana zannuwan gado daga wani masaukin baƙi, manya-manya, farare. Yadda ake ɗauraye irinsu shi ne ka tsaya a matakalar ƙasa, ka kama kusurwa biyu, ka shimfiɗa shi a kan ruwa, ruwan da ke tafiya ya wanke maka kumfar. Na sha ganin Inna tana yi, kuma a idona babu wani abin wuya a ciki. Ran nan an ƙaro ruwa daga madatsa, rafin ya cika yana gudu. Inna ta juya baya tana matse wani zanin, ni kuma na ga dama ta samu da zan nuna mata na girma. Na ɗauki ɗaya na watsa.

Ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya cika shi, ya kumbura, ya miƙe. Na ji ya ja ni mataki ɗaya, na turje. Ya sake ja, na sake turjewa. Da na kai ƙafa karo na gaba sai na ji babu siminti.

Mutane suna son tambayata abin da na gani a ƙasa. Ban ga komai ba sai kore, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Hayaniyar masu wanki ta ɗauke gaba ɗaya. Ƙirjina ya ɗauki zafi, na buɗe baki don in kira Inna, ruwa ya shiga. Zanin ya naɗe min kafaɗa, yana juya ni yadda ya ga dama. Amma mutuwa ko zuwa raina ba ta yi ba. Abin da nake tunani kawai shi ne, in zanin nan ya tafi, da wane ido zan kalli Inna.

A can ƙarshen matakala akwai wata mata da ake kira Mai Bula, saboda hannunta kullum shuɗi yake da bular da take sa wa fararen kaya. Ƙatuwa ce, bakinta kuma ya fi jikinta girma. Ita ta hango farin zani yana wucewa, ta kwanta rub da ciki ta cafko gefensa. Har ta tsufa tana rantsuwa cewa ita zani ta je ceto, ba ta san da mutum a jikinsa ba. Ta ja ta ji nauyi, ta kira mata biyu suka kama mata. Suna ta ja suna tsine wa wadda ta yi sakaci da kayan mutane, sai ga ni na ɓullo a ɗaya ƙarshen.

An ce sun kifa ni, sun danna, na amayar da ruwa har da na jiya. Da na farfaɗo, abin da na fara ji shi ne ana ɓamɓare min yatsu ɗaya bayan ɗaya, don har lokacin kusurwar zanin tana hannuna. Farcena biyu sun tsage. Mai Bula tana haki ta dube ni ta ce, "Kai, wannan 'ya. Daga yau sunanki Ƙi-Saki."

Ni fa na zaci yabo zan sha. Zani bai ɓata ba, doka ba ta karye ba, ga shi kuma na dawo da raina. Ina kwance ina jira Inna ta ce na yi ƙoƙari. Ba ta ce ba. Tana zaune a kan siminti ta miƙe ƙafafu, bakinta a buɗe, ko hawaye babu. Baba kuwa da aka je aka gaya masa, da gudu ya zo ba takalmi, ya bar dutsen guga a kan rigar wani. Shi ne karo na farko da ya taɓa ƙona kayan mutum. Mai rigar ya bar masa ita, ya riƙa sa ta wajen aiki, da shatin dutsen guga baƙi ƙirin a tsakiyar baya.

Na yi kwanaki a gida ina tari. Babu wanda za a bar ni wurinsa, shagon Baba kuma ga garwashi ga ƙunci, don haka dole na koma bin Inna rafi. Muna isa ta ajiye baho, ta je ta kwance igiyar shanya ɗaya daga turke. Ta ɗaura min ita a ƙugu, ta mayar da ƙullin baya inda hannuna ba zai iya kwancewa ba. Ɗaya bakin kuma ta ɗaura a nata ƙugun, don ta ce ba ta yarda da turke ba.

"Inna, mene ne haka?"

"Zauna can wajen bokiti."

Na zauna. Kafin azahar 'ya'yan masu wanki sun raɗa min suna, Akuyar Inna. Wani ya tsinko ganye ya ajiye a gabana. Manya kuwa nasu ya fi ciwo, don su da tausayi suke zuwa. Duk wadda ta zo wucewa sai ta dafa kaina ta ce, "Allah sarki, ita ce wadda ta faɗa ruwa?" In ce ban faɗa ba, ta ce Allah sarki, har yanzu a firgice take. An hana ni taɓa wanki, an hana ni ɗebo ruwa ko da a moɗa. A gida ma Inna ta daina cika min bokitin wanka, sai ta zuba min ɗan abin da ko kyanwa ba zai isa ba.

Kada wani ya ɗauka ban ji tsoro ba. Na ji. In na kalli tsakiyar rafin nan inda ruwan yake murɗawa, nakan ji ɗanɗanon laka a bakina. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Ruwa ya kayar da ni a gaban jama'a, sannan an ɗaure ni a gabansa kullum yana wucewa yana kallona. Abin ya tsaya min a rai.

Wata rana da hantsi na gaji da zaman. Na tashi na je na tsaya a bayan Inna tana cuɗa wuyan wata riga.

"Inna, igiyar nan ta mece ce?"

"Ta riƙe ki ce."

"In ruwa ya ja ni za ta riƙe ni?"

"Za ta riƙe ki."

"Ba za ta tsinke ba?"

"Igiyar da take ɗaukar jiƙaƙƙun barguna ce za ta kasa ɗaukar ki? Matsa min."

"To ashe babu abin tsoro," na ce, na taka cikin ruwa.

Iyakar gwiwa na kai ta fizgo ni, na faɗo da baya a kan siminti. Ta kai min mari da hannu mai kumfa, sabulu ya shiga idona. Na yi kukana, na share, na jira ta koma kan wanki, na sake shiga. Ta sake fizgo ni. Ranar haka muka wuni. Mai Bula tana daga can ƙarshe tana dariya har tana riƙe ciki, tana cewa, "Yau an sa kamun kifi a rafi, kuma kifin ɗaya ne tun safe."

Washegari ma haka, jibi ma haka. An yi min duka, an yi min lallashi, an ce za a saya min takalmi. Ni dai ba na musu, ba na zagi. In an janyo ni in fito, in an juya baya in koma. Abin da na gane, wanda ita ma ta gane, shi ne Inna tana da aiki ni ba ni da shi. Mutum ba zai iya cuɗa wanki da hannu biyu yana jan igiya da su ba. Kaya suka fara kwana ba su bushe ba, Baba ya fara tsaki a shago. Sannu a hankali sai fizgar ta fara jinkiri. Da in na kai gwiwa ake ja na, sai ya zama sai na kai ƙugu, daga baya sai na kai ƙirji.

Ranar da na fara ɗage ƙafafuna daga siminti da gangan, sai da na runtse ido. Ruwan ya kwashe ni nan take, irin kwasar da na sani. Sai igiya ta miƙe ta tsayar da ni. Ina kwance a kan ruwa yana wucewa ta ƙarƙashina, yana ja, ya kasa tafiya da ni. Na sha ruwa, na ƙware, na yi tari, amma na yi masa gwalo kafin Inna ta janyo ni.

Babu wanda ya koya min iyo. Akwai yaran tsallake da suke faɗawa rafi da rana, na riƙa kallon yadda suke yi da hannu. Akwai kuma wani kare da yake tsallakowa neman abinci wajen kasuwa, shi ma na kalle shi, kuma gaskiya ya fi yaran iya koyarwa, don shi ba ya yi don a gani. Na lura ba ya nufar inda zai fita kai tsaye. Sai ya haura sama tukuna, ya shiga, ya bar ruwan ya gangaro da shi. Ni kuma ina maƙale a bakin igiya ina kwaikwayo, ina bugun ruwa da ƙafa, duk bugun da na yi Inna tana jin sa a ƙugunta. Ba ta kallona. Ta dai daina mari, ta koma cewa, "Ki sha, ai ruwan ba na saye ba ne."

Wata rana ina cikin bugun nan sai na ji ƙuguna ya yi sakayau. Na ɗago kai na ga Inna ta yi wurgi da rigar hannunta ta juyo a firgice, idonta duk waje. Igiyar da ta saba jin tana jan ta ce ta yi laushi, ta zaci ƙulli ya kwance ko na nutse. Sai ta gan ni a gefen matakala ina hawa ruwan da kaina, ina matsowa kusa da ita kaɗan-kaɗan, igiya tana lilo a tsakaninmu babu mai jan wani. Muka haɗa ido. Ta sunkuya ta ɗauki rigar, ta ci gaba da goga mata sabulu a wuri ɗaya har kumfa ta rufe hannunta.

Na zaci a nan za ta kwance ni. Ba ta kwance ba. Kuma a makon ne wani mai kawo kaya ya tsegunta wa Baba cewa ya ga 'yarsa a cikin rafi tsundum.

Da muka kai masa busassun kaya da yamma, yana tsaye ya ba mu baya yana guga, shatin ƙunar nan na bayan rigarsa yana kallonmu. Bai juyo ba ya ce da Inna, "Ashe abin da kuke yi ke nan."

"Tana ɗaure," in ji Inna.

"Tana ɗaure a cikin ruwa."

"Ka zo ka hana ta in ka iya. Ni na gaji."

Ya ajiye dutsen guga a kan mazauninsa, ya juyo. Baba ba mai faɗa ba ne, shi ya sa in ya yi magana a hankali ake jin tsoro. Ya ce, "Ke ba ki ga yadda leɓenta ya koma ba ran da aka tsamo ta? Ni na gani. Ba zan sake gani ba. Na yi magana da Yaya, ranar Asabar za ta zo ta tafi da ita."

Yayarsa ita ce Goggo, tana zaune a wata unguwa can kan tudu, inda ruwa sai a jarka ake kai shi, ko sauro bai samu wurin yin ƙwai ba. Ba muguwa ba ce, amma na san abin da zan zama a gidanta. Zan zama yarinyar nan da ta faɗa ruwa aka kawo ta tudu, a riƙa nuna ni ga baƙi ana Allah sarki har in yi furfura.

"Baba, na iya iyo fa."

"Ban tambaye ki ba."

"Inna ta gani. Inna, ki gaya masa."

Inna ta ci gaba da jera kaya a kan tebur, ta ware riguna daban, wanduna daban. Ba ta ce na iya ba, ba ta ce ban iya ba. Wannan shirun ya fi marin da ta taɓa yi min zafi. Na fita waje na zauna a kan dakali, na ƙi cin abinci, babu kuma wanda ya roƙe ni.

Asabar ta zo. Aiki ba ya jira, don haka muka tafi rafi kamar kullum, aka ɗaure ni kamar kullum. Ban shiga ruwa ba ranar, na zauna wajen bokiti shiru, har Mai Bula ta ce ko akuya ba ta da lafiya ne. Rana ta ɗaga sai ga Baba ya rufe shago ya zo, Goggo tana biye da shi da jakarta, shi kuma yana riƙe da ƙullin kayana. An ƙaro ruwa tun safe, rafin ya cika yana gudu irin na ran nan.

Goggo ta gaisa da mata, ta dafa kaina ta ce, "Allah sarki, 'yar nan, kin rame. Taso mu tafi inda babu wannan masifar."

Inna ta ɗauraye hannu ta goge a zaninta. Ta duba ƙullin bayana ta ga ya jiƙe da fantsalin wanki ya ƙulle tam, sai ta fara da nata. Ta kwance igiyar daga ƙugunta, ta naɗa bakin a tafin hannu, ta ce, "Juyo in ga naki."

Na tashi. Ban juya mata baya ba, na wuce ta gabanta na gangara matakala. Na kalli tsanin ƙarfen tsallake, na kalli ruwan, na ce masa a raina, yau ko ni ko kai. Na tura siminti da ƙafa na miƙe.

Duk iyon da na taɓa yi a gefen matakala na yi shi, inda ruwa yake da ladabi. Tsakiya wani abu ne daban. Ya fi sanyi, ya fi nauyi, yana murɗa ƙafa. Ina jin ihu a bayana, muryar Baba ta fi ta kowa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba.

"Janyo ta! Janyo ta mana!"

Na ci gaba da bugu. Igiya tana bi na a hankali, Inna tana sakar min ita kaɗan-kaɗan. Har na fara ganin tsatsar tsanin nan sosai, sai igiya ta ƙare.

Abin da babu wanda ya yi tunani a cikinmu shi ne, igiyar shanya an yanke ta daidai tsakanin turke da turke, ba daidai faɗin rafi ba. Ta miƙe ƙam. Ruwa yana tura ni ƙasa, igiya tana riƙe da ƙuguna, sai jikina ya karkace, kaina ya nutse. Koren nan ya dawo, hayaniya ta ɗauke. Igiyar da aka ɗaura min don kada in nutse ita take danna ni. In an janyo ni daga nan, ta ƙarƙashin ruwa za a janyo ni, in ma na kai da rai, to tudu zan tafi. Na yunƙura na fitar da kai, na ja iska rabi ruwa rabi, na yi kira da duk abin da ya rage min.

"Inna, saki!"

Na sake nutsewa.

Abin da ya faru a matakala Mai Bula ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Inna tana tsaye a cikin ruwa har gwiwa, igiya ta naɗe mata hannu ta ci fata. Baba ya kawo hannu zai karɓa ya ja, ta kare shi da kafaɗa. Mai Bula ta ce shekara da shekaru suna wanki tare, ba ta taɓa ganin ko hankici ya kuɓuce wa Inna ba. Ta ce ta ga bakinta yana motsi, ta ga ta rufe ido, ta ga ta warware igiyar daga hannunta zagaye bayan zagaye, ta buɗe yatsu.

Ni dai abin da na sani shi ne ƙuguna ya yi sakayau. Na taso. Ruwa ya gangara da ni, na bar shi ya gangara, ina yankarsa a karkace yadda karen nan yake yi. Tsanin ya zo zai wuce ni, na kai hannu na cafke. Wanda ya ƙi sakin zani ba ƙarfe ne zai kuɓuce masa ba.

Na hau da ƙyar, igiya tana jan ƙasa a bayana. Na durƙusa na yi amai, gwiwata ta goge tana jini. Da numfashina ya dawo na miƙe tsaye don kowa ya gan ni da kyau. Ga su can tsallake, wanki ya tsaya cak. Baba ya zauna a kan matakala ya riƙe kai, ƙullin kayana a gefensa. Goggo ta ɗora hannu biyu a ka. Inna tana nan inda take a cikin ruwa, hannayenta a sake, babu komai a cikinsu. Ban taɓa ganin ta haka ba, sai na ji kuka yana neman zuwa min, na haɗiye shi.

Sai Inna ta gyara ɗaurin zaninta, ta ɗaga murya daidai yadda zan ji.

"Ke. Igiyar nan ta shanya ce. Dawo min da ita, ina da kaya a baho."

"Ta gada," in ji Goggo da sauri. "Ki bi ta gada, 'yar nan, don Allah."

Na kalli gadar can nesa wajen kasuwa. Na kalli Baba, ya ɗago kai yana dubana. Na tattaro igiyar na naɗe ta a ƙuguna tsaf, na cusa bakin don kada ta kama wani abu. Sannan na bi bakin bango na haura sama, na wuce saitin matakalarmu da nisa, na zauna a gefen siminti na zura ƙafafu, na shiga.

Dawowar ta fi sauƙi. Ruwa ya sauke ni a ƙarshen matakala, daidai wurin Mai Bula, ita kuwa ta matsar da bahonta ta ba ni hanya, ta ce, "Yau ban kama komai ba, ku shaida." Babu wanda ya miƙo min hannu, na fito da kaina.

Inna ta juya ni ta warware igiyar har ta kai ga ƙulli. Yatsunta sun kasa, don tafin hannunta ya saɓule. Ta durƙusa ta sa haƙori. Na ji fuskarta a bayana, na ji ta daɗe a wurin fiye da yadda ƙullin yake bukata. Da ya kwance ta miƙe, ta ɗauki igiyarta ta tafi fili, ta ɗaura ta daga turke zuwa turke inda take tun asali.

Goggo ta tambayi Baba ko za su tafi. Ya ɗauki ƙullin kayana ya juya shi a hannu, ya ce mata ta zo su je shago ta huta tukuna, rana ta yi zafi. Suka tafi da ƙullin ta hanyar gidanmu, ba ta tudu ba.

Akwai sauran zannuwan masaukin baƙi a baho ba a ɗauraye ba. Inna ta dubi hannunta, ta dubi zannuwan. Ta ɗauko ɗaya ta miƙo min kusurwa biyu, ba tare da ta kalle ni ba.

"Tsaya a matakalar ƙasa. In ya fi ƙarfinki ki saki. Kin ji ko? Zani ne."

Na ce to. Na watsa shi a kan ruwa, ya cika, ya kumbura, ya ja.

Bai fi ƙarfina ba.